Hular Da Ta Yi Wa Jaririya Yawa

BABI NA SHIDA

Tun da ake ɗage biki a Nima, unguwarmu ta birnin Ankara, ba a taɓa ɗage shi saboda sauro ba. An ɗage don rasuwa, an ɗage don uban amarya bai dawo daga Makka ba, har akwai wanda aka ɗage don tela ya gudu da kayan mutane. Amma sauro, wanda muke kwana da shi mu tashi da shi, wannan sai a bakin Fawaz aka fara jin sa.

Fawaz ɗin nan shi ne saurayin Mubarika tun suna makarantar Islamiyya. Shekarar da aka yi ƙwallon duniya ya bi samarin unguwa zuwa Brazil, ya samu aikin yankan kaji a wani kamfani da ke son Musulmi ya riƙe wuƙa. Yana can aka kai goro, aka kai lefe, aka sa rana. Har yayi an fitar, wato atamfar da 'yan biki za su ɗinka iri ɗaya, rabin matan Maamobi da ke maƙwabtaka da mu sun kai wa tela.

Sai ga yaro ya dawo, ya aiko kawunsa wajen Alhaji Kadiri, mahaifin Mubarika, wai a ƙara masa wata shida. Aka ce saboda me? Kawun ya sunkuyar da kai ya ce, "Wai sauro ne ya cije shi a can."

Alhaji Kadiri mutum ne mai haƙuri, amma ranar ya naɗe tabarmarsa da kansa.

"Ka gaya masa," in ji shi, "ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ko ku zo ku ce rana tana nan yadda aka sa ta, ko ku zo ku kwashe akwatunanku."

To, yau Laraba.

Mubarika na zaune a bakin ɗakin kakarta da zaren saƙa a cinya, ba ta saƙa komai ba tun safe. Gwaggo Salimatu, ƙanwar babanta mai sayar da wake da shinkafa a bakin titi, ta shigo tana riƙe da waya kamar wadda ta kamo ɓarawo.

"Tashi ki ga sauron," ta ce.

Ta tura mata wayar har gaban hanci. Hoto ne. Fawaz zaune a kujera, rungume da jaririya, a gefensa wata farar mace mai dogon gashi ta ɗora hannu a ƙafar yarinyar.

"Kin taɓa ganin sauro da gashi har baya?"

"Gwaggo, matar Ganiyu ce. Abokinsa da suke aiki tare. Na san hoton."

"To ina Ganiyun?"

"Shi ya ɗauka mana."

"Haka ya gaya miki." Gwaggo Salimatu ta zauna a kan turmi ta gyara zani. "Ni da nake sana'a a bakin gota tun kafin a haife shi, sauron da ya sha jinina ya isa ya cika bokiti, kuma na haifi shida ras. Shi ne za a ce boga, ɗan ci-ranin ƙasar waje, ya je Brazil ya dawo yana tsoron sauro? Wannan 'yarsa ce, Mubarika."

"Ni na saƙa hular da ke kanta, Gwaggo. Shi ya ce in saƙa, tun kafin a haife ta."

"Ai shi ya fi min ciwo. Ya sa ki saƙa wa 'yarsa hula, ke kuma kina ta murna."

Hawaye suka cika idon Mubarika. Gwaggo ta sassauta murya, don ba mugunta ce da ita ba, baki ne kawai.

"Duba nan. Ranar da ya zo gaisuwa, ba da idonki kika gani ba? Ya sa ƙafa a ƙofa, ya hango yayarki Nasira da cikinta a tsakar gida, ya juya kamar an kore shi. Wane irin suruki ne wannan? Ga Jamiu can a Abossey Okai da shagonsa na kayan mota, tun bara yake binki. Ko jiya ya aiko wa babanki da katan na madara. Shi bai ce wata shida ba, ya ce ko gobe ne."

Ta miƙe ta fita, ta manta da wayar a tabarma.

Mubarika ta share ido ta ɗauka. Ku da kuka san ta kun san halinta, tun tana ƙarama in an ba ta 'yar tsana sai ta farke ta ta ga abin da ke ciki. Ko cikin kukan nan, wani abu ne yake ta sukar ta a hoton, kuma ba farar macen ba ce.

Hular ce.

Ta buɗe hoton da yatsu biyu. Hularta ce dai, ruwan hoda da farin baki. Ita da ta shekara da shekaru tana saƙa wa matan unguwa hulunan suna, hannunta ya san kan jariri kamar yadda ya san ludayi, ba ta taɓa yin wadda ta yi yawa ba. Amma wannan an naɗe bakinta, an sake naɗewa, duk da haka ta sauko har kan girar yarinyar.

"Me kike leƙe haka kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa?"

Kaka Ikilima ce daga cikin ɗaki. Mahaifiyar Alhaji Kadiri ke nan, wadda aka kawo daga Dosso tana amarya, har yau Hausarta ba ta gauraya da ta Nima ba. Duk abin da aka faɗa a tsakar gida ta ji, don kunnenta bai tsufa ba.

Mubarika ta shiga ta nuna mata. Tsohuwa ta kai wayar nesa, ta dawo da ita kusa.

"Ko dai kin yi kuskuren awo?"

"Ban taɓa yi ba, Kaka."

"Uhm." Ta miƙa mata wayar. "Ni ma akwai abin da ya hana ni sakat. Na ga maƙaryata da yawa a rayuwata, kowannensu yakan zaɓi ƙaryar da za a yarda da ita. Da ya ce kuɗi ne bai cika ba, wa zai musa? Amma ya zo Nima, garin sauro, ya ce sauro. Yaron nan ko dai wawa ne ko gaskiya yake faɗa. Ɗauko min mayafina in je in gani."

"Baba ya ce kada in sake in taka gidansu."

"Ke ba gidansu za ki ba. Sandata za ki riƙe min."

*

Bayan azahar tasi ta sauke su a Kotobabi. Tun daga lungu suka ga ruwa na gangarowa daga gidan su Fawaz.

Suna shiga suka tarar da shi a tsakar gida, da riga mai dogon hannu da safa a cikin wannan zafi na Ankara, yana wanke cikin duro da soso. Gwangwanaye da tsofaffin tayoyi duk an kife su a jikin bango. Mahaifiyarsa ta fito ta yi musu shimfiɗa, ta ce wa Kaka a hankali, "Hajiya, ku yi masa addu'a. Tun da ya dawo ba ya barin ruwa ya kwana a buɗe." Ta koma ɗaki ta bar su.

Fawaz ya durƙusa ya gaida Kaka. Ya rame. Da ya ɗago ya ga Mubarika sai ya kau da kai.

"Mijina," in ji Kaka, don haka take tsokanar duk saurayin jikokinta, "an ce ka samo min kishiya mai fukafukai."

Ya yi ƙoƙarin murmushi, bai fito ba.

Mubarika ba ta jira ba. Duk maganar da ta shirya a mota ta gudu, abin da ya fito daga bakinta shi ne, "Fawaz, me ya sa hulata ta yi mata yawa?"

Ya dube ta. Sannan ya zaro wayarsa daga aljihu, ya nemo wani hoto, ya miƙa mata da hannu biyu.

Yarinyar ce, ba hula. Fuska kyakkyawa, kumatu cike, ido irin na ubanta Ganiyu wanda yake riƙe da ita a wannan hoton. Amma daga gira zuwa sama kan ya tsuke, kamar an fara gini an tsaya.

"Innalillahi," Mubarika ta ce a hankali.

"Sunanta Shifa," in ji Fawaz. "Ni na yanka ragon sunanta. Uwarta ba ta ma yi wani ciwon kirki ba, tana da ƙaramin ciki ta yi zazzaɓi kaɗan, ƙuraje suka feso mata, idonta ya yi ja, ya wuce. Ko kwanciya ba ta yi ba. Sai da ciki ya tsufa aka yi hoto aka ga kan bai girma ba."

Kaka ta karɓi wayar ta duba.

"Na taɓa ganin yaro haka a garinmu," ta ce. "Muka ce aljanu ne suka taɓa shi. Allah ne masani. Kai kuma ka ce sauro?"

"Zika suke kiran ciwon, Kaka."

"Ba malariya ba ce ta sake suna don ta je ƙasar Turawa?"

"A'a. Sauron ma daban. Na malariya da dare yake fita, yana son ruwan kududdufi. Wannan da rana tsaka yake cizo, ƙafafunsa da zanen fari, kuma ruwan da muke ajiyewa a gida yake so, na duro, na jarka, na tsohuwar taya."

"Mai zanen nan? Ai muna da shi. Shi ke cin ƙafata in ina lazimin la'asar."

"Shi ya sa nake tsoro. Sauron yana nan, ciwon ne ban san ya zo ba. Kada ya zama ni na kawo shi."

Mubarika ta ɗago. "Kai ma ka yi?"

"Ana saura kwana kaɗan in taso. Zazzaɓi, ƙuraje, jan ido, gaɓoɓi na ciwo. Likita ya gwada ya ce shi ne. Ya ce a 'yan kwanakin farko yana cikin jinina, sauron da ya cije ni zai iya kai wa wani." Ya dubi Mubarika. "Na zo gidanku da tsarabata, na ɗaga labule, sai ga Anti Nasira da ciki, ga duronku a buɗe kusa da ita. Wallahi Mubarika, fuskar Shifa na gani. Ban san lokacin da na juya ba."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Na faɗa. Kawu ya yi dariya har da riƙe ciki. Abokaina a majalisa yanzu Alhaji Sauro suke kirana."

Kaka ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na motsi. Da ta gama ta ce, "To ai ka warke. Ga ka nan kana wanke duro kamar ɗan aiki. Wata shidan na mene ne?"

Fawaz ya dubi ƙasa. Fuskarsa kaɗai ta isa ta gaya maka nauyin maganar.

"Faɗi," in ji tsohuwa. "Na haifi tara, ba abin da za ka faɗa in suma."

"Likita ya ce yana barin jini da wuri, amma yana daɗewa a jikin namiji. Miji zai iya ba matarsa ta hanyar... ta zaman aure. In ciki ya shiga a lokacin, ba kowane jariri yake taɓawa ba, amma ba wanda ya san wanne ne. Ba shi da allura, ba shi da magani. Ya ce ko a yi amfani da kwaroron roba kullum ba fashi, ko a jira."

"Kai ka zaɓi jira."

"Na san kaina, Kaka, kuma na san gidajenmu. Wata biyu in ba a ga ta fara tofar da yawu ba, za a fara dura mata jiƙo, a kai ta wajen malam. Kuskure ɗaya ya isa." Ya juya wajen Mubarika, hawaye na bin fuskarsa, bai ko share ba. "Na ga yadda matar Ganiyu take zama da yarinyar a cinya tana kuka, yarinyar na miƙewa tana sandarewa. Suna son ta kamar ransu. Amma in na sani kuma na jawo miki, da wane ido zan dube ki? Gara ki auri Jamiu."

"Kada ka sake kira min sunansa," in ji Mubarika cikin kuka. "Shekara biyu ina jiran ka, ina jin muryarka a waya tana yankewa. Kai ne za ka ba da ni kamar tsarabar da ta rage?"

"Babanki ya ce Juma'a."

"Na ji shi."

"Ba zan iya cewa rana tana nan ba."

"Ni kuma ba zan iya ganin an fitar da akwatunan nan ba."

Kowa ya shiga kukansa. Kaka Ikilima ta bar su suka yi mai isarsu, ita kuwa ta dogara sandarta ta je bakin wata randa da ba a kai ga kifewa ba, ta leƙa. Ta daɗe tana kallon 'yan tsutsotsin da ke wutsil-wutsil a ciki.

"Ikon Allah," ta ce. "Shekara tamanin ina ganin abin nan, ban taɓa tambayar 'ya'yan wane ne ba. Ke, tashi mu tafi. Kai kuma turo mata hoton nan na biyu."

*

Ranar Alhamis bayan la'asar Kaka ta aika a kira mata ɗanta. Alhaji Kadiri ya zo ya zauna a bakin ƙofa, Gwaggo Salimatu ta biyo shi ba a gayyace ta ba. Mubarika na can ƙuryar gado.

Aka ba Alhaji waya. Ya duba, ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa. Gwaggo ta leƙo ta kafaɗarsa, ta ga Ganiyu, ta ga kan yarinyar, ta koma ta zauna a hankali.

Kaka ta zayyana musu duk abin da ta jiyo, har da sauro mai zane, har da dalilin juyawar Fawaz daga ƙofa. Da ta zo nan Alhaji ya waiwaya tsakar gida, inda Nasira ke zaune tana tsince alayyafo kusa da duro.

"Nasira," ya kira, "ɗauko faranti ki rufe ruwan nan." Sannan ya juyo. "Inna, na ji, kuma na tausaya. Amma na riga na yi magana a gaban mutane. An ɗinka yayi, dangi na tahowa daga Kumasi. Ba zan ɗage ba."

"Wa ya ce ka ɗage?"

"To yaya za a yi?"

"Ka ɗaura ranar da ka sa. A ci, a sha, a sa yayi, a yi lalle. In an watse, amarya ta dawo nan ɗakina ta kwanta. Tarewa sai wata shida."

"Haba Inna," in ji Gwaggo Salimatu. "A Nima? Ana ɗaurawa da safe, da yamma a kai ta, haka kowa ke yi."

"Haka kuke yi don kuna da mota. Ni da aka ɗaura nawa da ubanku yana gonar koko bai ma sani ba, sai da damina ta wuce aka sako ni a hanya. Ina ɗakin uwata da igiyar aure a kaina, ba wanda ya mutu. Ku ne kuka haɗa ɗaurin aure da tarewa kamar koko da ƙosai."

Alhaji ya shafa gemu. "In an ɗaura matarsa ce. In ya ce a ba shi ita fa?"

"Shi da yake gudun ta da safa a ƙafa? Kuma ni ce ƙofar ɗakin nan. In ya zo gaisuwa ta taga zai yi."

"Mutanen Jamiu sun ce za su shigo gobe da yamma," in ji Gwaggo, amma muryarta ba ƙarfi. Ta juya wajen gado. "Ke Mubarika, kin san abin da za ki sha? Amarya da lalle a hannu tana kwana gidan ubanta. A famfo za su ce ba shi da lafiya. A kasuwa za su ce ke ce aka samu da wani abu. Wata shida ana nuna ki da baki. Jamiu kuwa gida ya gina."

Alhaji Kadiri ya ɗaga mata hannu.

"Uwata," ya ce, don sunan kakarsa da ta raine shi aka sa wa Mubarika, "matso nan. Gwaggonki ba ƙarya ta yi ba, ke za ki fita famfo, ba ni ba. Za ki iya?"

Mubarika ta sauko ta durƙusa. Ta san matan famfon nan ɗaya bayan ɗaya, ta san wadda za ta fara da wadda za ta ƙarasa.

"Baba, in sun tambaye ni zan gaya musu sauro ne."

"Za su yi miki dariya."

"Sun yi masa shi kaɗai. Yanzu sai su yi mana mu biyu."

Alhaji ya dube ta. Aka fara kiran sallar magariba a masallacin lungu. Ya miƙe ya zura takalmi.

"Salimatu, katan ɗin madarar nan ba a buɗe ba ko?"

"Ba a buɗe ba, Yaya."

"Ke kika karɓa, ke za ki mayar. Ki ce musu kada su wahalar da kansu gobe."

Ya fita. Gwaggo ta bi bayansa tana gunaguni, amma da ta zo wucewa ta gaban tsohuwar tayar da ke bayan ɗaki, sai ta sa ƙafa ta kifar da ita.

Mubarika ta jawo wayarta. Bugu ɗaya Fawaz ya ɗauka.

"Gobe ka turo kawunka," ta ce. "Ya zo ya ce rana tana nan. Sauran bayani Kaka za ta yi maka, ta taga."

Ta ji shi yana ta jera hamdala. Ta ba shi lokaci. Idonta ya sauka kan zaren saƙar da ke kan tabarma tun jiya, ta jawo shi cinyarta.

"Fawaz, kana ji na?"

"Ina ji."

"In ka kira Ganiyu, ka ce matarsa ta zagaya kan Shifa da zare, ta gwada a jikin tef ɗin awo ta ɗauko min hoto. Waccan hular ba tata ba ce. Zan saƙa mata daidai kanta."